Daga Kano zuwa Yankari da ƙananan yara uku: yadda za a tsara tafiyar

Tambaya: Wani magidanci daga Kano yana son ya kai iyalinsa Yankari a hutun makaranta na watan Disamba, da motarsa ƙirar Corolla. Yaransa uku ne: jaririya 'yar wata tara, namiji ɗan shekara uku, da babbarsu 'yar shekara bakwai. Tafiya mafi nisa da ya taɓa yi da su ita ce Kano zuwa Zariya. Yana tambaya ko za a iya yin tafiyar a yini ɗaya, da abin da zai duba a mota, da abin da zai ɗauka.

Amsa:

Malam, Allah ya raya maka su. Ka zaɓi wuri mai kyau da lokaci mai kyau, domin a rani ciyawa ta bushe, namun daji suna taruwa a bakin kogin Gaji, ganinsu ya fi sauƙi fiye da damina. Amma tun farko ka sa a ranka cewa jaririyar nan ita za ta tsara tafiyar. Lokacin shan nononta, lokacin barcinta, da iyakar zaman da za ta iya yi a kujera, su ne ma'aunin komai. Magidanta da yawa suna lissafi da tafiyar da suka saba yi su kaɗai, su ce Bauchi ai awa huɗu ce, sai a wayi gari magariba ta riske su a daji, yara na kuka, direba ya fara taka totur don ya cike giɓin. Daga nan yawancin matsaloli ke farawa.

Daga Kano zuwa Bauchi ta Wudil, Birnin Kudu da Ningi kimanin kilomita 300 ne. Daga Bauchi za ka hau hanyar Gombe zuwa Dindima, ka yi kwana zuwa ƙofar shiga da ke Mainamaji, sannan daga ƙofar akwai fiye da kilomita 40 a cikin dajin kafin masaukin Wikki. Wannan ɓangaren na biyu ya kai kilomita 110. Jimla fiye da 400 ke nan. Za a iya yin sa a yini ɗaya, amma a tafiyar farko ban ba ka shawarar haka ba. Ka raba: ranar farko ku kwana a Bauchi, washegari da safe ku ƙarasa. Ribar raba tafiyar ta fi kuɗin ɗakin kwana ɗaya. Za ku shiga dajin da rana tsaka kowa da ƙarfinsa, za ka cika tanki a Bauchi, kuma idan motar ta nuna wata alama a hanya kana cikin garin da akwai makanikai da kayan gyara. Da la'asar a Bauchi kuna iya kai babbar ta ga kabarin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ta riga ta san hotonsa a jikin naira biyar.

A Disamba gari ba ya wayewa sosai sai wajen ƙarfe bakwai saura, rana kuma tana faɗuwa jim kaɗan bayan shida. Ku loda kaya tun da daddare, a yi sallar asuba, uwargida ta shayar da jaririya ta canza mata famfas, ku tashi da zarar haske ya bayyana. Awa biyu na farko su ne mafi daraja, saboda yara kan koma barci kuma hanya ba ta cika ba. Tsayawar farko a Birnin Kudu wajen ƙarfe tara, minti talatin cur. Ta biyu a Ningi. Da wannan tsari za ku shiga Bauchi kafin ƙarfe biyu ko da an samu jinkiri. Kada ka sa tafiyar ranar Juma'a, ranar ce kasuwar Wudil ke ci, motocin shanu kan toshe hanya tun da hantsi. Idan ranar ta zo da hazo mai kauri, kunna fitilun gaba ko da rana ce, ka ƙara tazara tsakaninka da motar gabanka, kuma ka haƙura da wuce tirela sai inda kake hango hanya sarai. Dokar hanya ta ƙayyade wa ƙaramar mota kilomita 80 a awa a babbar hanya mai hannu ɗaya, 100 a tagwayen hanya, 50 a cikin gari. Da yara a baya, ka tsaya a kan wannan. Sauri kan haifi nawa.

Kwana biyu kafin tashi ka je tashar da motocin Bauchi ke lodi ka tambayi direbobi halin da hanya ke ciki: ina aka lalace, ina ake aiki, ina ba a so a wuce da yamma. Su ne ke bin ta kullum, labarinsu ya fi na waya sabunta. Haka kuma lokacin da kake kama ɗaki a Wikki, ka tambayi ma'aikatan halin tsaro tsakanin Dindima da ƙofa. Ka kama ɗakin da wuri, don ƙarshen shekara wurin kan cika. Ka sanar da wani ɗan'uwa a gida hanyar da za ku bi da lokacin da ya kamata ku isa kowane zango.

Yanzu ga maganar da na fi so ka tsaya a kanta, wato yadda yaran za su zauna. Abin da aka saba gani shi ne uwa a gaba da jariri a cinya, sauran yara a baya suna tsaye tsakanin kujeru. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa idan ta tsaya farat ɗaya, duk abin da ba a ɗaure ba zai ci gaba da tafiya da wannan gudun, kuma bugun da zai sha daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10. A gudun 80 ya kai mita 25. Babu hannun uwar da zai riƙe yaro a wannan hali, komai ƙarfinta, komai son da take masa. Idan kuma uwar ta zagaya bel ɗaya a kansu su biyu, nauyinta ne zai danne shi. Jakar iskar da ke gaban kujerar fasinja an yi ta ne don babban mutum. Ƙarfin fitowarta kaɗai ya isa ya kashe jariri. Saboda haka duk su ukun a baya za su zauna, kowa a ɗaure.

Jaririyar tana buƙatar kujerar jarirai wadda ke fuskantar baya. Dalili shi ne kan jariri yana da nauyi idan aka kwatanta da jikinsa, wuyansa kuma bai yi ƙwari ba. Idan kujerar ta juya baya, bayan kujerar ne ke tallafe kai da wuya da gadon baya gaba ɗaya lokacin birki mai tsanani. Ɗan shekara ukun kujera mai igiyoyi biyar, biyu a kafaɗa, biyu a ƙugu, ɗaya tsakanin ƙafafu. Babbar kuwa matashin ƙarin tsawo za a sa mata ta zauna a kai, sannan a ɗaura mata bel ɗin motar, ɓangaren ƙasa ya kwanta a kan ƙashin ƙugu ba a kan ciki ba, na sama ya bi tsakiyar kafaɗa ba wuya ba. Yara sukan zare na saman su mayar bayansu ko ƙarƙashin hammata idan yana gogar wuya. Hakan na sa bel ya yanki ciki a lokacin haɗari, kuma alama ce cewa zaman bai kai tsayin da ake so ba.

Bayan Corolla ba shi da faɗi, don haka ka gwada jera kujerun uku a gida mako guda kafin tafiya, kada ka bari sai asubar ranar. Ka duba bel ɗin tsakiya. Idan na ƙugu ne kawai ba shi da na kafaɗa, kada babbar ta zauna nan. Kujerar ɗan shekara ukun ko ta jaririyar za a ɗaure a wurin idan takardar kujerar ta yarda da irin wannan bel, babbar ta koma gefe. Bayan ka ɗaure kowace kujera, ka kama ta daga inda bel ya ratsa ka jijjiga: idan ta motsa fiye da faɗin yatsu biyu, ba ta ɗauru ba, ka danna ta da gwiwa ka sake ja. Igiyoyin jikin yaro kuma a ja su har sai ka kasa tsunkuno rarar igiya a kafaɗarsa. A nan sanyin hunturu yake yaudarar iyaye. Ana sa wa yaro rigar sanyi mai kauri sannan a ɗaure shi a kanta, igiyar ta yi kamar ta matse, alhali soso ne a tsakani, a lokacin bugu zai lotse yaron ya zame. A ɗaure shi da kaya marasa kauri, a rufa masa zani ko bargo daga sama. Idan kujerun gwanjo za ka saya, ka juya ƙasansu ka ga ranar ƙira da ranar ƙarewar aiki, ka duba tsagewa a robar, ka tabbatar maƙullin yana ƙaras idan an danna. Idan ukun sun ƙi shiga, gara ka yi musayar mota da ɗan'uwa mai Sienna na kwana huɗu da a ce ɗaya ya tafi a sake.

Abu biyu ƙanana da ake mantawa. A gefen kowace ƙofar baya akwai ɗan maɓalli da idan ka tura shi ƙofar ba za ta buɗu daga ciki ba. Tura shi, ka kuma kulle gilasan baya daga wajenka. Sannan idan jaririya ta fara kukan yunwa mota na tafiya, kada uwargida ta ciro ta daga kujera ta ba ta nono. A nemi gari ko gidan mai a tsaya. Minti goma sha biyar ne. Ko ba kuka, kada ta wuce awa biyu a kujerar ba a fito da ita an miƙe mata jiki ba.

Motar kuma a kai ta wurin makanike mako guda kafin tafiya, ba ana gobe ba. Gyaran da aka yi jiya shi ya fi saurin ba da matsala yau: noti da ba a ɗaure ba, tiyo da ba a matse ba. Kana buƙatar kwanaki kana yawo da ita a gari don abin da zai bayyana ya bayyana. A yi juye idan lokacinsa ya kusa, a duba birki da mansa, ruwan lagireto da tiyoyinsa, fambel, batir, fitilu da waifa. Tacen iska na inji da na esi a kakkaɓe ko a canza, don ƙurar hunturu tana toshe su.

Taya ita ce abin da zan ce ka duba da idonka, kada ka bar wa kowa. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019. Tsohuwar taya tana iya zama da zane mai kyau amma robar ta bushe, kuma irinta ce ke fashewa idan ta ɗauki zafin kwalta da nauyin kaya. Wadda ta yi ƙari a gefe ko ta fara tsattsagewa, a cire ta. Iska kuma akwai takarda manne a jikin ƙofar direba da ta faɗi adadin da motar ke so, yawanci tsakanin 30 da 35. Masu faci da yawa suna bugawa har 45 ko 50, wai don nauyi; wannan yana rage riƙon hanya, yana ƙara tsawon birki. A auna da safe kafin tayar ta yi zafi. Safaya ma a auna ta, kuma ka gwada jak da sifanar taya a gida, ka tabbatar notocin suna kwancewa da hannunka. Ka riƙe tukunyar kashe gobara, alamar gargaɗi mai kusurwa uku, tocila, wayar haɗa batir, da takardun mota da lasin da inshora waɗanda ba su ƙare ba, don tsayawa a shinge ana jayayya da yara a cikin rana wahala ce da za a iya kauce mata. Lambar gaggawa ta hukumar kiyaye haɗurra 122 ce, ta ƙasa baki ɗaya 112.

Idan allurar zafi ta hau a hanya, kashe esi, ka sauka daga kwalta gaba ɗaya, ka kashe inji, ka fito da yara su koma nesa da titi a inuwa. Kada ka taɓa murfin lagireto sai bayan minti talatin, kuma da tsumma, a hankali.

Lissafin mai: zuwa da dawowa da ɗan yawo, ka ɗauka kilomita 900. Corolla mai lafiya da kaya da esi tana yin kamar kilomita 12 da lita ɗaya, wato lita 75. Ka yi kasafin 85. Ka cika a Kano, ka sake cikawa a Bauchi kafin ka kama hanyar Dindima, ka ɗauka cewa babu mai a gaba har sai ka dawo. Jarkar fetur a but tare da yara kuwa a'a. Tururinsa kaɗai yana sa amai da ciwon kai, ban da haɗarin wuta. Ka riƙe tsabar kuɗi da suka isa kuɗin shiga, abinci da gyaran gaggawa, domin sabis na waya yakan ɗauke a daji, tura kuɗi ya gagara.

Wajen loda kaya, masu nauyi a ƙasan but. Kada a ɗora komai mai tauri a kan allon da ke bayan kawunan yara. Fulas ko kwalbar turare a wurin, idan aka taka birki, kan yaro za ta nufa. Jaka ɗaya ce za ta zauna a ƙafar uwargida, ita ce jakar hanya: famfas shida, tsumman goge jiki, kayan canji biyu ga jaririya da ɗaya-ɗaya ga manyan, ledoji biyar ko shida, sabulu, tawul ƙarami, da riga ɗaya ta uwargida kanta, saboda amai ba ya zaɓen inda zai sauka. Sauran famfas, a lissafa shida a rana har kwana huɗu da ƙarin rana ɗaya, talatin ke nan, su tafi but. Fo na ɗan shekara ukun da buta su kasance a bakin but inda hannu zai kai ba sai an sauke kaya ba. Yaron da bai daɗe da barin famfas ba idan ya ce zai yi fitsari, yanzu yake nufi. A kowace tsayawa a ɗora shi a fo ko bai nema ba.

Abinci a yi shi daga gida, mara maiƙo da yawa: burodi, dafaffen ƙwai, dafaffen dankali, ayaba, lemu da aka ɓare, dambun nama. A daskarar da ruwan leda goma sha biyu a jera a ƙasan kula, su riƙe sanyi, idan sun narke a sha. Dafaffen abinci irin shinkafa da miya da ya yi fiye da awa biyu a zafin mota ba tare da sanyi ba, kada a ba yara. Ruwan sha ku ɗauki aƙalla lita goma sha biyu na hanya, da jarka mai lita goma ta wanke hannu, alwala da lagireto. Fura da nono, yankakken kankana da zoɓon ƙulli na bakin hanya, manya suna iya sha su kwana lafiya, cikin yaro ba lallai ya ɗauka ba, kuma gudawa a rana ta biyu ta isa ta rushe hutun duka. Gyaɗa, aya, alawa mai tauri da dabino mai ƙwallo kada a miƙa wa ɗan shekara uku mota na tafiya. Rami ɗaya ya isa ya sa ya shaƙe, kuma yaron da abu ya toshe wa maƙogwaro ba ya kuka, shiru yake yi, ku kuna gaba ba ku sani ba. Abinci na gaske a ci shi a tsaye. Jaririyar, nono ya fi komai sauƙi da tsabta a tafiya. A haɗa mata da garin kununta da fulas na tafasasshen ruwa a riƙa damawa sabo. Idan madarar gwangwani take sha, a haɗa kowane sha a lokacinsa, abin da ya rage a zubar.

Amai a mota ya fi kama yara daga shekara biyu zuwa goma sha biyu, wato manyan biyu. Yana faruwa ne idan kunnen ciki yana jin motsi, ido kuma yana kallon abin da ba ya motsi, kamar waya ko littafi. Don haka wayar da ake miƙa wa yaro don ya yi shiru ita ce sau da yawa ke kawo aman. A sa su kallon waje da nisa: ƙirga raƙuma da jakai, neman bishiyar kuka mafi girma, duban duwatsun da ke fara bayyana daga Birnin Kudu zuwa Ningi. Tatsuniya da kacici-kacici da bitar haddar Islamiyya suna cin awa guda ba a sani ba. Kada su tashi da ciki wayam, kada kuma a cika musu shi da shayi mai madara da ƙwai soyayye. A rage turare a mota. Yaron da ya yi shiru, ya fara hamma da haɗiyar yawu, goshinsa ya yi gumi, ya kusa. A sauke gilas kaɗan, a miƙa leda, a nemi wurin tsayawa. Ina roƙonka kada a ba su maganin mura ko na ƙaiƙayi don su yi barci. Wasu daga cikin magungunan nan, irin su prometazin, suna danne numfashin yaron da bai kai shekara biyu ba, kuma yaron da aka bugar da magani kansa kan faɗo gaba a kujera ba ya iya ɗagawa.

Jakar magani ba ta buƙatar yawa. Ma'aunin zafin jiki, farasitamol na ruwa da sirinjin awo, ƙullin ORS (garin gishiri da sukari na gudawa) shida, ƙwayar zink, filasta, auduga, man kaɗanya ko basilin don leɓe da hanci da ke tsagewa a hunturu, da duk maganin da wani yaro yake sha kullum, musamman abin shaƙa idan akwai mai asma, don ƙura tana tayar da ita. Ka auna nauyin kowane yaro kafin tafiya, domin da nauyi ake ba da farasitamol: miligiram 10 zuwa 15 ga kowane kilo, duk awa shida, kada ya wuce sau huɗu a yini da dare. Idan kwalbar mai miligiram 120 a cikin mililita 5 ce, jaririya mai kilo 8 mililita 5 ne iyakarta, yaro mai kilo 14 mililita 7.5, mai kilo 20 mililita 10. Ka rubuta wannan a jikin kwalin tun a gida. Idan gudawa ta zo, a narka ORS a adadin ruwan da aka rubuta a jikin ƙullin, a ba jaririya mililita 50 zuwa 100 bayan kowane zawo, manyan 100 zuwa 200, kaɗan-kaɗan da cokali, a ci gaba da nono, abin da ya kwana ya yini a zubar. Zink miligiram 20 sau ɗaya a rana har kwana goma. Yaron da ya kasa sha ko kama nono, ko yake amayar da komai, ko ya yi jijjiga, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, ko numfashinsa ya yi sauri ƙirji na faɗawa, asibiti za a nufa nan take. A kan hanyarku akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu, babban asibiti a Ningi, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi.

Duk inda aka tsaya, ko sallah za a yi ko sayen ruwa, kada a bar yaro a rufaffiyar mota ko da barci yake. A rana, zafin cikin mota yana ƙaruwa da kusan digiri 10 cikin minti goma, kuma jikin yaro ya fi na babba saurin ɗaukar zafi. Ku yi sallah bi da bi, ɗaya na riƙe da su. A fito da yara ta ƙofar da ba ta kallon titi. Kafin ka tayar da mota ko ka yi baya, ka ga kowannensu da idonka a kujerarsa.

A Wikki abu uku ne za ku kula da su. Na farko gwaggon biri. Sun saba da mutane, suna buɗe ƙofar da ba a kulle ba, suna fizge leda daga hannu, kuma sun fi raina yara. Kada yaro ya fita da abinci a hannu, kada a ba su komai, a kulle ɗaki da mota ko da fita ta minti ɗaya ce, kuma idan sun ƙwace abu a bar musu. Cizo ko yaƙushinsu a wanke da sabulu da ruwa mai gudu na minti goma sha biyar, a nufi asibiti a ranar saboda allurar haukan kare. Na biyu ruwan Wikki kansa. Ɗuminsa digiri 31 ne dare da rana, garai-garai har ana ganin yashin ƙasa, kuma wannan hasken ne ke ɓoye zurfinsa. Ta wajen da yake ɓuɓɓugowa ya shanye tsayin babban mutum. Yara su tsaya a ɓangaren da bai wuce ƙugunsu ba, babba ɗaya ga yaro ɗaya, kusa yadda hannu zai kai. Robar iyo ba ta maye gurbin wannan, kuma babbar ba za ta zama mai tsaron ƙaninta ba. Na uku ƙwari. Akwai ƙudan tsando a dajin, cizonsa da zafi, kuma baƙaƙen kaya da shuɗi mai duhu suna jawo shi. A sa wa yara masu haske, dogon hannu da dogon wando. Ku tafi da gidan sauronku da igiyar ɗaurawa, kada ku dogara da na masauki, haka ma tocila da abin cajin waya.

Fita kallon namun daji da jagora ake yi, da sassafe ko da la'asar, kuma takan ɗauki kamar awa biyu a hanya mai gargada da ƙura. Babbar za ta ji daɗinta ƙwarai. Ɗan shekara ukun zai iya idan ya yi barcinsa ya ci abinci. Jaririyar ba ta da abin da za ta ƙaru da shi a buɗaɗɗiyar mota sai ƙura da jijjiga, don haka ku raba: kai ka fita da manyan da safe, uwargida ta fita da babbar da la'asar kai kana riƙe da ƙananan. Ka faɗa wa yaran tun a gida cewa daji ne mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 2,000, dabbobin ba a keji suke ba. Gwambaza, mazo, mugun dawa da birai kusan kullum ana ganinsu; ɓauna da giwa sai an dace. Yaron da aka yi wa alkawarin giwa bai gan ta ba zai dawo da kuka, wanda aka ce masa za a je neman sawunta kuwa ko kashinta ya gani ya samu labari.

Dawowa za ku iya yi a yini ɗaya tunda kun riga kun san hanya da halin yaranku a mota, da sharaɗin ku bar Wikki da ƙarfe bakwai, ku sha mai ku ci abinci a Bauchi, ku tsaya a Ningi da Birnin Kudu kamar yadda kuka yi da zuwa. Idan ƙarfe ɗaya ta yi ba ku bar Bauchi ba, ku kwana. Kai ma direba ka samu barcin awa bakwai a daren, kuma idan ka ji ido na nauyi bayan azahar ka tsaya ka runtsa minti ashirin, goro da shayi ba sa biyan bashin barci. Bayan kun dawo gida, duk yaron da ya yi zazzaɓi cikin makonni huɗu a kai shi a yi masa gwajin maleriya a ranar, a kuma gaya wa likita cewa kun kwana a daji.